Eddie Murphy Mai Jar Rigar Fata: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Gombe

Tun da guntayen tsofaffin wasannin Eddie Murphy suka fara yawo a TikTok da Facebook, na daina shan shayi cikin kwanciyar hankali. Laifina ɗaya: na yi shekaru ina riƙe da shagon hayar kaset a nan Gombe, tun garin yana ƙarƙashin jihar Bauchi, har faifan CD ya zo ya tashe mu, shi ma waya ta tashe shi. Don haka duk wanda ya ga saurayin nan mai jar rigar fata yana zuba kamar kanya, ni yake nema. Sa'o'ina kewa ce ke sa su tambaya. 'Ya'yanmu kuwa mamaki ne, don su da muryar jakin Shrek suka san shi. Na sa wa tambayoyin lamba don a ji daɗin komawa baya.

1. Kawu, wai wane ne "Eddie na da" da kuke ta ambata?

Shi ne dai wanda kuka sani, kafin ya yi sanyi. An haife shi ranar 3 ga Afrilu 1961 a Brooklyn, cikin birnin New York. Mahaifinsa ɗan sanda ne mai taɓa barkwanci a gefe, ya rasu Eddie yana ɗan shekara 8, sai ya tashi agola a garin Roosevelt, gidan mijin mahaifiyarsa da ke aiki a kamfanin askirim. Tun yana sakandare yake hawa dandamali a ƙananan gidajen shaƙatawa yana kwaikwayon muryoyin mawaƙa. A 1980, yana da shekara 19, aka ɗauke shi a Saturday Night Live, shirin barkwanci na tashar NBC da ake yi kai tsaye daren Asabar. Lokacin shirin yana neman durƙushewa saboda waɗanda suka kafa shi sun watse. Ya zauna har 1984, kuma kusan kowa ya yarda shi ne ya tallabe shi.

In ka ji mun ce "na da", shekaru bakwai muke nufi, daga 1980 zuwa 1987, lokacin da yake tsayawa shi kaɗai gaban dubban mutane.

2. Mene ne bambancin wannan tsayuwa da wasan kwaikwayon da muka saba?

A wasan kwaikwayo akwai abokin wasa, akwai kayan sawa, akwai labari. In maganarka ba ta ba da dariya ba, faɗuwar abokinka za ta ba da. A barkwancin dandamali babu kowa sai kai da makirufo, sa'a guda ko fiye. Kai ne uwa, kai ne ɗa, kai ne kawun da ya bugu, kai ne ƙarar takalmi a iska. Wanda ya yi minti biyu ba a yi dariya ba, shirun zauren kaɗai ya ishe shi azaba.

Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan sana'a. 'Yan kama sun daɗe suna shiga kasuwa su ɗauki muryar malami mai karatu, amma karatun duka na tuwo da miya ne. 'Yan gambara kuwa ba wanda bai san kaifin bakinsu ba, har da batsar da ke sa dattijo ya canza hanya. Abin da Amurkawa suka ƙara shi ne tikiti da kujera da kyamara, sannan mai barkwancin ya kan mai da rayuwarsa da ta gidansu abin ba'a, wanda namu ba su cika yi ba. Za mu dawo kan wannan a tambaya ta 12.

3. Da gaske ne sai da ya gama barkwancin dandamali sannan ya shiga fim?

A'a, kuma nan ne yawancin masu kewa suke kuskure. Fim ɗinsa na farko, 48 Hrs., ya fito a 1982. Trading Places ya biyo a tsakiyar 1983. Delirious, wasan jar rigar da ake ta yaɗawa, bayan waɗannan biyun aka ɗauke shi. Raw, ɗayan wasansa na dandamali, kuwa na 1987 ne, shekara uku bayan Beverly Hills Cop, fim ɗin da ya tara sama da dala miliyan 230 a Amurka kaɗai. Ke nan mutumin da muke gani a wasannin biyu tauraron fim ne tuni, mai kuɗi, mai 'yan rakiya. Eddie ɗin da bai san fim ba, wanda ke bin ƙananan gidaje da dare, kusan babu wanda ya gan shi a cikinmu.

4. Waɗanne wasanni ne ainihin abin da ake magana a kai?

Biyu ne. Delirious an ɗauke shi a zauren Constitution Hall da ke Washington a 1983, aka nuna a tashar HBO, yana da shekara 22, tsawonsa kamar minti 70. Shi ne na jar riga da jan wando na fata. Raw an ɗauke shi a wani zaure na Madison Square Garden a New York, Robert Townsend ya ba da umarni, aka kai shi silima kamar fim, ya tara kusan dala miliyan 50. Kayan fatar wannan karon shuɗi ne mai ratsin shunayya da baƙi. Akwai kuma faifan murya biyu, na 1982 da na 1983, na biyun ya ci kyautar Grammy.

A shagona Raw ne ya fara zuwa, kwafin kwafi, hoton ya yi hazo kamar safiyar hunturu. Ban taɓa jera shi a kanta tare da fina-finan Indiya da na Chana ba. Ƙarƙashin tebur yake zama, kuma masu karɓarsa sanannu ne: 'yan bautar ƙasa, da ɗaliban jami'a da suka dawo hutu daga Zariya ko Maiduguri ko Jos.

5. Me ya sa kuke cewa wasannin nan sun fi fina-finansa? Ba son zuciya ba ne?

Akwai son zuciya, na bar shi sai tambaya ta 13. Amma akwai gaskiya ma. Abin da ya fi kowa iyawa shi ne kunne. Yaron nan yana jin yadda mutum ke magana sau ɗaya ya ɗauke, da numfashin da tsayawar da komai. Zai zama James Brown yana waƙar da ba a gane kalmominta, ya juya ya zama Elvis, ya juya ya zama Michael Jackson, duk cikin minti kaɗan, ba hular gashi ba kwalliya.

Inda ya fi kama mu kuwa shi ne labaran gida. Uwar da ke cire takalmi ta jefi yaro ko ya sha kwana, ba ta kuskure. Yaron da ya samu askirim yana yi wa ɗan talaka gwalo da waƙa, sai askirim ɗin ya faɗi ƙasa. Kawun da aka ce ya hura wutar gashi ya kusa ƙona unguwa. Maigidan da ya bugu yana shelanta wa baƙi cewa gidan nan nasa ne. Sai wanda na fi so, a Raw: yaro ya roƙi a saya masa abincin McDonald's, uwar ta ce za ta yi masa wanda ya fi shi a gida, ta dama nama da albasa da tattasai ta ɗora a burodin gida, ya fita da shi waje yara suka yi masa dariya. Wane ɗan Jekadafari ko Bolari ne bai taɓa roƙon kuɗin tsire ba aka ce masa akwai nama a miya? Ranar da muka fara kallon wannan wurin, wani abokina da Turancinsa bai taka kara ya karya ba sai da ya sauka daga benci don dariya, domin fuskar Eddie kaɗai ta gaya masa labarin.

A fim akwai marubuci da darakta da mai yanka hoto tsakaninka da shi. A dandamali babu shamaki, har dariyarsa ta kansa, mai kama da ta wanda numfashi ya sarƙe, kana jin ta lokacin da abin ya ba shi dariya shi ma.

6. Malam, an ce batsa ce zalla. Zan iya kallo da iyali?

Kada ka soma. An ƙirga kalmar ashar guda ɗaya tak a Raw, ta haura sau 200. Ban da ashar akwai zancen kwanciya filla-filla, da ba'a ga mata mai ɗaci, musamman a Raw, inda kusan rabin wasan ƙorafi ne a kan aure da saki da rabon dukiya. Guntayen da kuke gani a waya an tsince su ne, an zaɓo masu tsabta. In kana son abin kallo da yara, ga Dr. Dolittle na 1998 ko Shrek na 2001.

Ko a can ƙasarsu ba kowa ya yarda ba. A cikin Raw shi da bakinsa ya ba da labarin yadda Bill Cosby, wani babban mai barkwanci da ya girme shi, ya kira shi a waya yana masa faɗa kan ƙazamin baki, shi kuma ya kai ƙara wurin Richard Pryor, wanda yake ɗauka ubangidansa a sana'a. Duniya ta juya daga baya, mai faɗan ne ya ƙare a gaban kotu kan zargin lalata da mata.

7. Gaskiya ne ya yi wa 'yan Afirka ba'a?

Gaskiya ne, kuma ba na kare shi a nan. A Raw, bayan ya gama kukan yadda matan Amurka ke tafiya da rabin dukiyar miji in an rabu, sai ya ce shi dajin Afirka zai je ya samo matar da ba ta san komai ba, tsirara a kan jakin dawa, da ƙashi a hanci. Ƙarshen labarin matan Amurka sun wayar mata da kai ita ma ta nemi rabi. Zauren New York ya kece da dariya. A shagona kuwa dariyar rabi-rabi ce, wani ya ce, "Au, ashe haka suke ganinmu." Abin ya fi ciwo da yake baƙin mutum ne ɗan uwanmu ya faɗa.

Shekara guda bayan haka, a 1988, ya fito a Coming to America a matsayin yarima Akeem na ƙasar Zamunda, mai ladabi da dukiya da tarbiyya, Amurkawan fim ɗin ne ma suka zama abin dariya. Mutanenmu sun so fim ɗin ƙwarai, kaset ɗinsa bai taɓa kwana a shago ba. Sai dai ko a can giwaye ne ke yawo a harabar fada. Shi kuwa Pryor ya zo Afirka da ƙafarsa, ya ziyarci Kenya a 1979, ya koma ya shaida a dandamali cewa ya daina kiran baƙar fata da mummunan sunan nan da Turawa suka laƙaba musu.

8. Shi kansa yana alfahari da waɗannan wasannin?

Da wasu sassan, ba duka ba. Delirious ya buɗe ne da ba'a ga 'yan luwaɗi, ya haɗa da cutar ƙanjamau, har da nuna cewa ana iya kwaso ta ta hanyar sumba. A 1983 ke nan, lokacin da mutane ke mutuwa ba a gama gane cutar ba. A 1996 ya fitar da sanarwar neman afuwa, ya ce ƙuruciya da rashin sani ne. A hirarrakin da ya yi a 2019 ya ce in ya kalli wasu wuraren yanzu kunya ke kama shi, ya kuma danganta ɗacin Raw da ɓacin ran soyayya da yake ciki a lokacin.

Mu da muka ga zamanin da ake kiran cutar nan "kabari kusa", ake gudun kwanon mai ita, ake ƙin gaisawa da shi, mun san irin ɓarnar da wasa da jahilci ke yi. Na yi dariya a lokacin. Yau in na zo wurin wucewa nake.

9. To me ya sa ya daina, alhali yana kan ganiyarsa?

Abu uku nake gani. Na farko kuɗi da lokaci: fim ɗaya na biyan abin da zagayen garuruwa na watanni ba zai biya ba. Na biyu yadda sana'ar take. Sa'a guda ta barkwanci ba a ɗaki ake rubuta ta a fito da ita ba. Sai an yi ta gwada ta a ƙananan wurare, dare bayan dare, wannan ya faɗi a jefar, wancan ya tashi a gyara. Wanda duniya ta san fuskarsa ba ya samun wurin faɗuwa a ɓoye, kuma mutane na fara dariya tun bai buɗe baki ba, sai ya kasa gane wace magana ce mai kyau. Na uku, kayan aikin sun ƙare. Labaran Delirious na yaron unguwa ne. Labaran Raw na attajiri ne mai tsoron a cinye masa dukiya. Tazarar shekara huɗu ce kawai, amma ana jin bambancin.

10. Baiwar ta mutu ke nan da ya koma fim?

Ba ta mutu ba, gida ta sauya. Yawancin tsofaffin shagon aski a Coming to America masu gardamar dambe, har da tsohon Bayahude farar fata, Eddie ne a ƙarƙashin kwalliya, shi da Arsenio Hall. A The Nutty Professor na 1996, shekarar da aka ba mu jihar Gombe, shi ne kusan duk iyalin da ke zaune a teburin cin abinci, uwa da uba da kaka. Wannan teburin ɗan uwan wurin gashin nan ne na tambaya ta 5, an dai sa masa kaya. An yi fina-finai marasa daɗi a tsakani, da yawa ma, ba na musu. Amma Dreamgirls na 2006 ya kai shi takarar Oscar, kuma Dolemite Is My Name na 2019, inda ya fito a matsayin tsohon mai barkwanci Rudy Ray Moore, shi ne mafi kusa da Eddie na da da na gani cikin shekaru talatin.

11. Zai dawo dandamali kuwa?

An sha sa mana rai. A 2015, wurin karɓar kyautar Mark Twain a Washington, ya yi 'yan mintoci yana barkwanci har da kwaikwayon Cosby. A Disamban 2019 ya jagoranci Saturday Night Live karon farko cikin shekara 35, ya ci kyautar Emmy da shi, ya kuma yi maganar komawa zagaye. Sai korona ta zo. Ni dai na daina jira. Ko ya dawo, dattijo ne mai 'ya'ya goma zai hau, ba zai shiga wandon nan ba.

12. Me ya sa masu fassara fina-finan Indiya ba su fassara shi da Hausa ba? Kuma mu ba mu da irinsa ne?

Fim ɗin Indiya labari ne, in ka sauya harshe labarin na nan. Wannan kuwa murya ce da lokacin sakin magana, ga sunayen mutanen talabijin ɗin Amurka na shekarun 1980 da ba mu sani ba. Amma babban dalilin shi ne ba mai iya faɗar waɗannan kalmomi da Hausa ya kwana lafiya a unguwa. Nan ne na kama kaina. Turanci ya zame mana labule. Ashar da harshen wani ba ta da zafi a kunne, shi ya sa mutumin da zai kori ɗan gambara daga ƙofar gidansa zai zauna ya kalli Raw har ƙarshe yana cewa wayewa ce.

Game da namu: a kudu an yi nisa, tun da Opa Williams ya fara Night of a Thousand Laughs a 1995, su Ali Baba da Basketmouth suka mai da abin sana'a da Turancin buroka. A arewa barkwancinmu ya fi bin wasan kwaikwayo, daga su Samanja a talabijin zuwa marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a Disamban 2014. Shi ma za ka ji ana cewa Ibron kaset ya fi na baya, kuma shi ma ya ɗanɗani kuɗar kaifin wasa, don an ɗaure shi a Kano a 2008 kan wani fim, lokacin da hukumar tace fina-finai ta tsananta. Ba'a mai zafi a wurinmu tana da ƙa'idar wanda zai yi wa wa: Bafulatani da Babarbare, jika da kaka, taubashi da taubashi. Mutum ya hau dandamali ya kwaikwayi mahaifiyarsa ko mijinta yana maye, kafin ya sauko an kira taron dangi.

13. Yallaɓai, ba ƙuruciyarku kuke kewa ba kuwa, kuka fake da Eddie?

Wata 'yar ƙanwata ce ta fara jefo mini wannan, kuma ta fi rabin gaskiya. Na sake kallon Raw shekarun baya ni kaɗai a waya, hoto tar, ba hazo. Na yi dariya a wuri huɗu ko biyar, sauran na yi ta duba saura minti nawa. Abin da babu shi ne mutum goma sha a shago ɗaya an sakaya ƙofa, an rage murya saboda maƙwabta, ɗan jami'a ɗaya yana fassara wa sauran, a mayar da kaset baya a sake jin wurin da aka rasa, ana addu'ar kada NEPA ta ɗauke. Rabin daɗin na satar kallo ne.

Ragowar da ba ta gane ba ita ce Delirious bai tsufa kamar Raw ba. Cire mintocin farko da aka yi magana a tambaya ta 8, abin da ya rage na yaro ɗan shekara 22 da ke riƙe zaure da muryar uwarsa har yanzu yana aiki. Chris Rock da Dave Chappelle, da suka zo bayansa, ba su ɓoye cewa a kansa suka koya ba.

14. Ni ban taɓa gani ba. Daga ina zan fara?

In kunnenka ba ya ɗaukar ashar, tsaya a fina-finan tambaya ta 10, ba ka yi asarar da za ta dame ka ba. In kuma za ka gani, fara da Delirious, daga wurin askirim zuwa wurin gashin iyali. A Raw nemi labarin abincin McDonald's, yana can wajen ƙarshe. Kunna rubutun ƙasa na Turanci, don yana magana da sauri kuma da karin unguwannin New York. Sa abin kunne, kada ka buɗe shi a teburin mai shayi.

Masu tambaya ko kaset ɗina yana nan: babu. Wani ɗan bautar ƙasa ya karɓa ana saura kwana biyu su gama hidima, ya bar mini katin shaidarsa na makaranta jingina. Katin yana nan cikin akwati.